Amanar da Zayyanu ya bar wa yayansa

Jama'a, akwai wani manomi a Sisawa ta ƙasar Wurno, sunansa Zayyanu. Ɗansa Musaddiq ya shekara biyu, amma ko an kira sunansa ba ya waigowa, ba ya kallon idon kowa, sai dai ya wuni yana juya murfin kwano.

Ranar rigakafi, ma'aikaciyar lafiya ta ce a kai shi Sakkwato a duba ko galahanga ce, wato otizim. Ta ce in an gano da wuri, koyar da yaro ya fi sauƙi.

To, matarsa Husainatu tana jego, shi kuma tafiyar ci-rani ta taso. Sai ya damƙa gida da maganar yaron a hannun yayansa Lauwali.

Lauwali ya ɗauki yaron da safe, ya dawo da la'asar. Ya ce likita ya duba, lafiya lau, miskilanci ne kawai. Husainatu har da kukan murna.

Aka shekara, yaro bai ce uffan ba.

Wata ranar kasuwar Goronyo, bayan Zayyanu ya dawo, wani dillalin albasa ya tambaye shi lafiyar yaron nan da Lauwali ya taɓa wuni da shi a rumfarsa. Ashe ko hanyar Sakkwato ba su kama ba!

Zayyanu ya iske yayansa a zaure.

"Yaya, mi munka yi maka?"

Lauwali ya sunkuyar da kai. Wai lokacin ana neman auren ɗiyarsa Kausar, yana tsoron a ce gidansu akwai taɓin hankali.

"Ka tsare sunan gida, ka bar ɗana. Shi ba ɗan gidan ba ne?"

Wallahi ni kaina abin ya ƙona mini rai.

Zayyanu da Husainatu suka kai yaron da kansu. Likita ya ce galahanga ce, ba hauka ba ce, ba aljanu ba ne. Aka koya musu yadda za su riƙa wasa da magana da shi, aka haɗa su da wasu iyaye irinsu. Yanzu Musaddiq yana nuna randa in yana jin ƙishi.

Zayyanu bai daina gaida yayansa ba. Amma da rani ya zagayo, maƙwabcinsa Sale ya bar wa amanar gida, Lauwali yana tsaye yana kallo.

Darasi: Kada tsoron bakin mutane ya sa ka ci amanar yaron da bai iya kawo ƙararka ba. In ka ga alamu, kai shi asibiti da wuri, kuma ka bi maganar da kanka. Ku tura wa 'yan uwa, wata uwa tana can tana jira.