Dokar Hana Ambaton Cindo

An yi wani sarki a can zamanin da, Sarki Jatau, wanda Allah ya karɓi ran ƙanensa Cindo. Da aka share makoki, Waziri Jibo ya gurfana ya ce, Allah ya ba Sarki nasara, ambaton mamaci shi ke hana zuciya warkewa, gara a rufe zancen a fuskanci mulki. Sarki ya gyaɗa kai. Sankira ya kewaye gari da shela: duk wanda ya sake furta sunan Cindo zai bar ƙasar.

Suna ya ɓace, amma Sarki sai ramewa yake, akushi na dawowa yadda ya shiga. Ba mai ganinsa sai Waziri. Shi kuwa Waziri, Allah ya yafe masa, wannan keɓewa ta yi masa daɗi, har tafiyarsa ta sake.

Ana nan sai Tanimu ya dawo daga fatauci. Ɗan gwaggon Sarki ne, taubashinsa ke nan, irin wanda al'ada ta ba damar tsokanar Sarki ko a gaban fadawa. Ya faɗi ya yi ta'aziyya, sa'an nan ya leƙa akushi ya ce, "Ashe tuwo na kwana a gidan nan yanzu? Lalle Cindo ya mutu." Sarki ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya ja hannun Tanimu suka shige soron ciki.

Kullum sai su shige, su yi ta labarin marigayi, Sarki na cin abinci har da neman ƙari. Waziri kuwa na zaune a bakin ƙofa, yana jin dariyar da ba da shi ake yi ba. Shekara da shekaru yana hidima, yau ga mai jakai ya zauna masa a wuri.

Ran nan ya kasa daurewa, ya kai ƙara a cikar fada, ya nemi a kori Tanimu bisa doka. Sarki ya ce mai ƙara ya faɗi abin da ya ji. Waziri ya gyara rawani, ya ce ya ji Tanimu na ba da labarin ranar da wane ya faɗa karofin marina suna yara, wai har yana cewa shi ya tsamo shi.

Tanimu ya ce, "Ni ne mana, ranka ya daɗe."

Waziri ya ce, "Ƙarya kake, kana can bayan dalbejiya kana dariya. Ni na kama Cindo ta ƙafa. Ni na goya shi har gida, shuni na zuba a wuyana, yana roƙona kada in gaya wa Mai Babban Ɗaki." Ya nemi ci gaba, sai hawaye, har gemu ya jiƙe.

Sarki ya bari sai da ya share fuska, sa'an nan ya ce, "Waziri, masu laifi sun zama uku, har da ni. Ko mu uku mu bar gari, ko dokar ta bari. Kai ka kawo ta, kai za ka zaɓa."

Waziri ya ce dokar ta tafi, Allah ya raka ta. Aka yanke masa hukuncin ya riƙa kawo labarin Cindo kowace Juma'a a soron ciki, ya karɓa da hannu biyu.

Sarki ya murmure, mulki ya daidaita. Abu ɗaya ne alƙalan ƙasar suka kasa rabawa: har tsufa Waziri da Tanimu na musun wanda Cindo ya fi so, Sarki na tsakiya yana zuga su.