Irin Dawar da Aka Rataye a Madafa

Akwai wata tsohuwa wadda ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. A wurin gayyar girbin dawa ne, tana budurwa, ta kai wa masu aiki kunu. Wani saurayi ya ajiye laujensa, ya zaɓi zangarniyar kaura mafi cika, ya sa mata a cikin ƙwaryar da ta juye. Ya ce, “Wannan ba ta tuwo ba ce, ta shuka ce.” Ta sunkuyar da kai ta tafi, amma ba ta mayar masa ba. Tun daga ranar yake kiranta Ta-gayya.

Suka yi aure, suka tsufa a gona ɗaya. Kowace kaka sukan zaɓi zangarniyu masu kyau, su ɗaure, su rataye a madafa daidai saman murhu, domin hayaƙi ya hana ƙwari shiga. Duk sa'ad da yake ɗaurewa yakan ce, “Ta-gayya, in na riga ki, ki yi mini alkawari irin nan ba zai yi damina a ɗaki ba.” Ita kuwa takan ce, “Maigida, bar wannan magana, tuwo na hucewa.” Ba ta taɓa amsa masa ba.

Wata bazara, kafin a yi shuka, yana cikin gyaran gona, sai ya faɗi a kan kunya, fartanya na hannunsa. Bai ƙara tashi ba.

Tsoro ya kama tsohuwa. Ta ce a ranta, “Aiki ne ya cinye shi. Ni zan adana ɗan ƙarfin da ya rage mini, in daɗe a duniya.” Ta jingine fartanyarta. Ta daina zuwa gona, ta daina zuwa sujada don hanyar da nisa, har wuta ta daina hurawa, matar ɗanta ce ke kawo mata abinci. Kullum addu'arta ɗaya ce: “Ya Ubangiji, ka ƙara mini kwana.”

Da ruwan shuka ya sauka, matar ɗan ta ce, “Inna, ki ba mu irin Baba mu shuka mana.”

Ta ce, “Hannunsa ne ya ɗaure shi. Ba mai taɓa mini.”

“To, ki fito ko rana ki sha. Kujerar nan ta kusa yin saiwa a jikinki.”

“Ke dai yarinya ce. Tulun da ba ya zuwa rafi ba ya fashewa.”

Damina ta bi damina. Ubangiji ya ba ta kwanakin da ta roƙa, amma gwiwoyinta suka sandare, matan da suke zumunta da ita suka gaji da sallama a ƙofar da ba a amsawa da fara'a. Wata safiya kewar mijinta ta dame ta, ta dogara sanda ta shiga madafa don ta taɓa ɗaurinsa. Tana taɓawa sai gari ya zubo mata a fuska. Murhu ya daɗe da sanyi, ba hayaƙi, ƙwari sun shiga sun cinye. Ta zauna a toka ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka binne shi. Ta shiƙe abin da ya rage, ta sami 'yan ƙwayoyi da ba su rufe tsakiyar tafin hannunta ba, ba ta kuwa san ko da sauran rai a cikinsu ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, irin nan kwanakinmu ne, da ƙarfin da Allah ya ba kowa gwargwadon shekarunsa. Hayaƙin murhu kuwa ɗawainiyar yau da kullum ce, wadda muke gani kamar tana gajiyar da mu, alhali ita take tsare mu. Son tsawon rai ba zunubi ba ne. Amma wanda ya rataye ransa don kada ya ƙare, zai tarar ya ƙare a rataye. Iyayenmu, in hannu ya kasa fartanya, bai kasa zaɓen iri ba, ƙafa ma takan kai gidan maras lafiya ko da sanda. Ku yara kuma, kada tausayi ya sa ku karɓe wa kakanninku kowane aiki har murhunsu ya mutu.

Tsohuwar nan dai ta rarrafa zuwa bayan ɗaki, inda ƙasa take da laima. Ta tona da yatsa, ta zuba ƙwayoyin, ta rufe. Sa'an nan ta ɗaga murya, ko da yake ba mai ji sai Ubangiji, ta ce, “Maigida, na makara, amma ga amsarka. Na yi alkawari, ko guda ɗaya ce ta tsiro, ba za ta ƙara yin damina a ɗaki ba muddin ina numfashi.”