Tukunyar Bahago a Hanyar Timia

A garin Agadas, a shekarun fari, lokacin da soja suka karɓi mulki suka kama rabon hatsin agaji da hannunsu, an yi wani matuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, ana ce da shi Bahago. Mutum ne mai kirki, ya san hanyar dutse kamar tsakar gidansu, shi ya sa aka ɗora masa kai hatsi garin Timia. Aibinsa guda ne, amma babba: ya fi tsoron bakin mutane a kan ciwon da ke cikinsa.

Ciwon kuwa ba na wasa ba ne. Babban hanjinsa ne ya kumbura. In ya tashi, sai murɗa da zawo, har da jini. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya kuma ja masa kunne.

"Magani kaɗai ba zai riƙe ka ba," in ji likita. "Na lura madarar gari da tonka, wato barkono, da maiƙo da shayi mai kauri su ke tayar maka da shi. Ka bar su. Ka sha tataccen kunu, ka ci shinkafa mai laushi da dafaffen kabewa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa."

Matarsa Kadidia ta ji, ta riƙe. Ranar tafiya ta ɗaure masa ƙullin gari da 'yar tukunya. Bahago ya dube su, ya ture da ƙafa.

"Haba Kadidia! Mutane na tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, ni kuma in fito da tukunyata daban? A shekarar yunwa wa ke zaɓen abinci? So kike a ce na butulce wa Allah?"

"Maigida, cikinka bai san shekarar yunwa ba," ta ce. Ko waiwaye bai yi ba.

Al'adar matuƙa a hanya ita ce a ci a kwano ɗaya. Aka yada zango, aka tuƙa jar dawar agaji da dusarta, aka zuba mai da tonka, aka dama madarar gari. Abokinsa Nomau, mai tuƙa wata motar hatsin zuwa wani gari, ya miƙo masa shayin farko, baƙi wuluk. Bahago ya san abin da zai biyo baya, wallahi ya sani. Amma ya dubi idanun mutane, ya sa hannu ya ci, ya kora da shayi.

Bayan sun rabu da Nomau a mararraba, ciwo ya kama shi a tsakiyar duwatsu. Ya sauka, ya hau, ya sake sauka, har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Kamyo cike da hatsi ya tsaya cik a cikin ƙorama, shi kuma yana kwance a inuwarsa. Kwanaki suka wuce kafin motar soja ta tsince shi. Da ya farfaɗo a Agadas aka gaya masa cewa mutanen Timia sun yi ta hawa dutse suna duban hanya, har wasu suka yanke ƙauna suka kwashi yara suka bar garin a ƙasa. Bahago ya juya fuska ga bango ya yi kuka, kukan kunya ta gaske.

Da ya miƙe ya tafi wurin ajidan, sojan da ke kula da motocin, ya roƙi a mayar masa da hanyarsa.

"Ba ni da hatsin da zan bar wa marar lafiya a daji," in ji ajidan. "Tafiya guda na ba ka, don babu wanda ya san hanyar kamarka. In ka sake kwantawa, ka ajiye makulli."

Bahago ya dawo gida ya ce, "Kadidia, ina tukunyar nan?" Ta ɗauko masa.

A zango kuwa ya sha ba'a. Nomau ya ga yana tace kunu da ƙyalle, ya fashe da dariya.

"Jama'a ku zo ku ga mai jego! Bahago, yaushe suna?"

"Yi dariyarka, Nomau. Shayin ma na yafe, ba ni ruwan zafi."

Maganar ta yi masa ciwo, amma ya shanye kununsa sarai, ya haɗiye ƙwayarsa. Ya kama sitiya, bai tsaya ba sai gindin dabinon Timia.

Can ne gwaji mafi wuya ya same shi. Ana sauke buhuna, wata tsohuwa mai suna Biba ta matso da ƙwarya a hannu, ta dama madarar da aka raba mata, rabon bakinta ke nan. Ƙin karɓar abin hannun tsohuwa a irin wannan shekara abin kunya ne ƙwarai. Jama'a suka zuba ido. Hannun Bahago har ya tashi, sai ya mayar da shi. Ya durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Ni ne wanda ya kwanta da hatsinku a hanya. Irin wannan madara na cikin abin da ya kayar da ni. In na sha, wata mai zuwa za ku sake hawa dutse."

Tsohuwa ta juya ta shiga garkarta da ta kusa bushewa, ta dawo da ɗan kabewa guda, ta ɗora masa a hannu.

"Jikokina na cikin waɗanda suka tafi," ta ce. "Ci abin da zai dawo mana da kai, ɗana."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai ciwo ya san abin da cikinsa ke ɗauka, ya bi maganar likita, ya tsaya a kanta ko za a yi masa dariya. Kiyaye abinci saboda lafiya ba butulci ba ne, ba kuma girman kai ba. Masu yi maka ba'a ba za su ɗaukar maka ciwon ba, kuma jikin nan da kake wasa da shi don jin kunya, akwai waɗanda rayuwarsu ke rataye da shi.