Kofin da Eleuterio Ya Ƙi Karɓa

Kai, ku da bakin tambaya! Ina ruwanku da inda tsoho Eleuterio yake zuwa kowace Lahadi? Mutum ya hau mota, kun bi shi da ido kamar awaki. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa, kuma kada wanda ya katse ni.

Akwai wani mai gasa burodi a garin nan, shi ne Eleuterio ɗin. A iya ƙullu babu na biyunsa, amma giyar meskal ta gama da shi. Da hantsi yake farawa, kafin la'asar burodi na ƙonewa a tanda, shi yana kwance a bakin ƙofa.

Da 'yarsa Casilda ta haihu, ya zo da warin giya ya miƙa hannu. Ta janye jaririyar.

"Baba, ba da wannan hannun ba," ta ce. "An ba ni labarin yadda ka yar da ni ina jaririya. Ba za ka yar da tawa ba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya san akwai tsofaffin mashaya da ke haɗuwa suna riƙe juna, har a garin nan. Amma girman kai ya hana shi zuwa na kusa. Ya jira Lahadi, ya hau mota har kasuwar Tlacolula inda ba a san fuskarsa ba. Ya yi ta zagaye har rana ta take, sannan ya tsaya wurin wata mai sayar da dafaffiyar masara.

"Uwa, wani abokina ne yake neman inda masu son barin giya suke taruwa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Abokin naka, shi ma haka hannunsa yake rawa? Bayan mai facin taya, ka hau bene. Ka gaishe shi."

Ɗaki ne da bencuna da tukunyar kofi. Wani tsoho mai wawulo, Don Melquiades, ya tare shi.

"Shigo, ɗan'uwa. Yau ba sai ka yi magana ba, saurara kawai. In an tashi ka wanke kofuna."

"Ni? Ni da ake layi a ƙofata?"

"Ni ma da direban babbar mota ne. Ga soso can."

Ya wanke yana ƙunƙuni. Lahadi ta gaba ya dawo. A zuwa na huɗu ya tashi ya yi magana, ya yi kuka, babu wanda ya yi dariya. Wata uku bai sha ba, kuma bai gaya wa kowa a gida ba.

Sai aka sa ranar baftismar jaririyar. Kun dai san yadda muke yi. Kompadre, wanda ya tsaya wa yaro a coci, shi yake zagayawa da meskal, kofin farko kuma na kakan yaro ne. Ka mayar da shi, kamar ka tofa wa mutum yawu a fuska ne.

"Zan ce magani nake sha," Eleuterio ya gaya wa Don Melquiades.

"To biki na gaba fa? Wane ciwo za ka ƙirƙiro? Faɗi gaskiya sau ɗaya ka huta."

"A gaban gari duka?"

"Garin da ya shekara ashirin yana tsallake ka a kwata? Me ya rage ka ɓoye musu?"

Ranar biki an yanka talotalo, miyar mole sai ƙamshi take, masu busa sun cika tsakar gida. Kompadre Porfirio, mutum mai ji da kansa, ya cika kofi ya miƙa da hannu biyu. Warin ya daki hancin Eleuterio, yawu ya cika masa baki. Ya sa hannuwansa a baya.

"Kompadre, ka yi haƙuri. Ni mashayi ne. Yau kwanana casa'in da huɗu ban sha ba. In na karɓi wannan, ba zan tsaya a ɗaya ba."

Busa ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Yesu!" Fuskar Porfirio ta yi ja, kofi na nan a hannunsa. Can sai ya ɗaga shi ya shanye.

"Kofi bai koma ba, ni na sha masa," ya ce. "A kawo wa tsohon nan cakulan mai zafi, kafin ya sa ni kuka a gaban matata."

Sai Casilda ta taso. Ta ratso mutane, ta dubi hannuwan ubanta ta ga ba sa rawa, ta ɗora masa jaririyar.

"Tallafi kanta, Baba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Tallafa."

Bai sauke ta ba har cakulan ɗin ya huce.

Darasi: Wanda giya ta kama ba ya fita shi kaɗai, kuma ɓoyewa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Ya nemi inda ire-irensa suke haɗuwa, ya tambaya da bakinsa, ko da kunya za ta kashe shi. Ku kai labarin nan ga duk gidan da kuka san ana fama, ba don gulma ba. Yanzu kowa ya wanke ƙafa ya wuce gado, kada in ƙara jin motsin kowa.