Munduwar da Ta San Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, ta azurfa ce yau.

Ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani sarki, uwarsa tana da tsohuwar munduwar azurfa mai jan dutse. Dā biyu ne, ɗaya ta faɗa rijiya. Sarki ya sa aka kira Barmo, sarkin maƙera, ya ƙera wata.

Barmo akwai son a yabe shi. Ya jujjuya munduwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai aikina ne tun ina saurayi."

Ƙarya yake, wallahi. Uwarsa Gwamma ce ta siffanta ta da kakin zuma, ubansa ya zuba azurfa. Yanzu Gwamma ta makance, Barmo ya ajiye ta a bukka bayan maƙera. In baƙi sun tambaya, sai ya ce mai shara ce.

Ya ƙera, ya kai fada. Tsohuwar munduwa ta buɗe baki ta ce, "Ba ƙanwata ba ce."

Ya sake ƙerawa, ya kai. "Ba ƙanwata ba ce."

Sarki ya ce, "In ka kuskure ta uku, ka ajiye rawani."

Barmo ya lallaɓa bukka da kaki a hannu. Gwamma ta karɓa. Ta murza, ta murza, ta miƙa masa. Ya lulluɓe da yumɓu, ya narkar da kakin, ya zuba azurfa, ya dasa dutse, ya kai fada.

Tsohuwar munduwa ta ce, "Yauwa, ga ƙanwata! To ina uwarmu?"

Ta diro ƙasa, ta yi ta gangarawa, sarki da fadawa suna bin ta, har ta kwanta a ƙafar Gwamma.

Sarki ya ce, "Barmo, wace ce wannan?"

Barmo ya yi tsuru-tsuru. Sai tsohuwa ta ce, "Mai shara ce ni, ranka ya daɗe. Ku bar masa rawaninsa."

Kunya ta kama Barmo, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuɓe rawanin da hannunsa, ya durƙusa yana kuka. "Iya ce. Ita ta haife ni."

Ya goya ta, ya ratsa kasuwa da ita, kansa a sunkuye. Duk wanda ya kalle su, tun bai tambaya ba, sai ya ce, "Uwata ce."

Ku ji da kyau, yara: kada ku ji kunyar hannun da ya yi ku.

Ƙurunƙus! In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya ɗora mini.