Takardar Rumfar Tabawa

Da kwamitin unguwa ya zauna kan faɗaɗa lungu, shugabansa Alhaji Ɗanlami ya ce a rushe rumfar Tabawa mai ƙosai, sai dai in ta kawo takardar izinin Mai Unguwa Jatau, wanda ya yanka lungun. Jatau kuwa shekararsa ashirin da rasuwa, abin da ya ɗan rage masa yawan rubutu.

Tabawa ta gyara mayafi. "Ai ya ba ni, ranka ya daɗe. Ranar takarda ta yanke masa, sai ya rubuta mini a bayan ta garejinka, wannan da ya ci rabin lungun. Ɗauko ta mu duba."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Sakatare, mu wuce batun kwata."

Har gobe Tabawa na suya a wurin.