Gafiya da Manhajar Tarko

An yi wata Gafiya mai kaifin ƙwaƙwalwa da girman kan tsiya, da ƙawarta Bushiya mai haƙuri. Su biyu suka ƙirƙiri wata manhajar waya. Duk dabbar da ta ga tarkon maharbi sai ta sa alama a ciki, kowa ya gani ya kauce. Ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Gafiya ke rubuta manhajar, Bushiya ke amsa koken jama'a.

Ran nan Gafiya ta yi wa manhajar kwaskwarima. Kafin azahar saƙonni sun cika wayar Bushiya maƙil.

"Ƙawata, alamun sun ɓace a tsofaffin wayoyi," in ji Bushiya. "Malam Zomo sai kira yake yi."

Gafiya ta ɗaga wayarta sabuwa fil. "Ga su nan raɗau! A tawa tana aiki. Ƙauyanci ne ke damunsu."

"To, ki karɓi tasa ki duba mana."

"Ni? Ni da na gina abin zan zauna jin surutun Zomo? Rubuta masa an gyara."

"Wallahi ba zan yi ƙarya ba!"

Gafiya ta fizge wayar ta rubuta da kanta. Kai, wannan rashin imani!

Zomo ya yarda. Washegari ya duba wayarsa, bai ga alama a hanyar rafi ba, ya aiki 'yarsa ɗebo ruwa. Gawarta ma bai samu ba, sai gashi a bakin tarko.

Ya zo ƙofar Gafiya idanunsa jawur. "Ke kika ce an gyara."

"Ai sai ka sayi wayar kirki," in ji ta.

A ranar Bushiya ta tattara kayanta tana kuka. Labari ya zaga daji, kowa ya goge manhajar, aka koma gargaɗin juna da baki. Babu mai sa alama, babu mai kawo kuka.

Gafiya kuwa har da rawa. "Shiru kake ji! Aikina ya yi kyau ke nan."

Da gyaɗa ta nuna, ta duba wayarta ta ga hanyar gona fes, ta fita tana taƙama. Sai ƙarfen tarko ya datse mata ƙafa, ƙaras!

Bushiya ce ta ji ihun ta rugo. Ta ja ƙarfen har hannunta ya fashe, ko motsi bai yi ba.

"Me ya sa ba wanda ya sa alama?" Gafiya ta tambaya tana nishi.

"Kowa ya san da tarkon nan, ƙawata. Ke ce aka gaji da gaya wa magana."

Can suka ji haushin karen maharbi yana matsowa. Bushiya ta dunƙule cikin ciyawa, tana ji har ihun ya yanke.

Darasin wannan labari shi ne, yara, in kun yi wa jama'a aiki suka kawo kuka, ku saurara, ku duba da idonku. Wanda ya toshe kunnensa, ranar da haɗari ya nufo shi ba mai gaya masa.